Ruwan Awa Biyu

Direba ake ce masa, amma ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda ƙaton sitiyarin ƙarfen da yake juyawa a saman madatsar ruwa. In ya juya shi dama, ƙofar ruwa ta ɗaga, in ya juya hagu ta sauka. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da sitiyarin nan bai gusa daga inda ya fara ba. Matarsa tela ce, takan ce ita ma kullum tana kan keke amma ko bakin titi bai taɓa kai ta ba, don haka Allah ne ya haɗa matafiya biyu a gida ɗaya.

Wurin aikinsa ɗan ɗaki ne a kan bangon madatsar. A ciki akwai tebur, da kujera mai ƙafa uku wadda bulo ya cike mata ta huɗu, da gwangwanin giris, da wata rediyo da ba ta magana sai an mare ta. Taga biyu gare shi. Ɗaya tana kallon tafkin da ake tara wa gari ruwa, ɗayar tana kallon fadamar da ke ƙasan madatsa. Hukuma ta ɗauke shi aiki ne don tagar farko, amma duk wanda ya san shi ya san a ta biyun zuciyarsa take.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya zo wurin a matsayin lebura. Wanda ya tarar a kan ƙofar wani dattijo ne mai faɗan tsiya, kowa Tsoho yake ce masa. Tsoho ya koya masa aikin cikin mako guda, ya ce duk sauran surutu ne, dokoki biyu ne kawai. Ta farko, a shafa wa sitiyari giris kowane mako, ko ana ruwa ko ana rana. Ta biyu kuwa sai da ya ja shi bakin taga ya nuna masa da yatsa.

A tsakiyar fadamar akwai wani tudu da dogayen ciyayi suka rufe. A kewayensa gauraki ne fululu, dogayen tsuntsayen nan masu tukku ruwan zinariya a ka, suna tsalle suna buɗe fukafukai suna rusuna wa juna kamar masu gaisuwa.

"Ka ga rawar nan?" in ji Tsoho. "Daga ranar da suka fara ta, ƙafarka ba ta sauka fadama sai ka ga 'ya'yansu suna tafiya. In gauraka ta ga mutum a kusa da sheƙarta, barin ƙwan take yi. Naka shi ne ka buɗe ƙofa, ruwa ya zagaye tudun, kare ba ya kai, mutum ba ya kai. Daga nan sama za ka yi musu hidima, ba sa bukatar ganin fuskarka."

Direba ya riƙe maganar nan kamar a jikinsa aka rubuta ta. A shekararsa ta farko ya yi niyyar ƙirga gaurakin, ya kai ɗari biyu da wani abu, suka tashi gaba ɗaya suka rikita masa lissafi, ya haƙura. A lokacin akwai dorina a ƙasan fadamar, akwai kada mai shan hantsi a kan yashi, kifi kuwa mata da kwando suke kamawa. Da safe kukan gauraki ne yake tashin unguwar ma'aikata, har masu barcin safe suna tsine musu.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa babu wanda ya yi ihu. Damina ce ta fara saɓa alkawari. Ta zo a makare, ta zubar da ruwan wata guda cikin kwana biyu, sannan ta ɗauke ƙafa. Zafi ya ƙaru har sitiyarin ba ya taɓuwa da azahar sai da tsumma. Gari kuma ya yi ta kumbura, kowace sabuwar unguwa da bututunta, duk a tafki ɗaya suke sha. Masu gonaki suka ci gefen fadama na gabas, masu buga bulo suka ci na yamma. Wasu kuma suka gano cewa manyan mutane suna son gauraka a farfajiyar gida, a fige mata fiffike ta riƙa yawo tsakanin motoci, sai aka shiga satar 'ya'yan. Dorina ta tafi ba sallama. Kadan ƙarshe wasu samari ne suka kashe shi, suka ɗauki hoto da ƙafa a kan bayansa.

Yanzu ƙirga ta yi wa Direba sauƙi, kuma sauƙin ne yake ƙona masa rai. Sittin, sannan goma sha takwas, sannan bakwai. Tsoho ya rasu suna goma sha takwas, Direba ya ce Allah ya so shi da rahama da bai ga sauran ba. Shekara uku da suka wuce ofis ya aiko da takarda cewa an daina sakar wa fadama ruwa, tafkin ba ya cika, mutane ne a gaba. Babu wanda zai ce ƙarya suka yi. Shi kansa Direba famfon gidansa sau biyu yake kawo ruwa a mako. Ya ninke takardar ya tokare ƙafar tebur da ita, ya ci gaba da shafa giris a ƙofar da aka hana shi buɗewa.

A shekararsa ta ƙarshe, saura wata biyar ya yi ritaya, gauraki biyu ne kacal suka dawo. Wata safiya ya leƙa taga ya gan su a gindin tudun, a kan busasshiyar ƙasa mai tsage-tsage, suna rawarsu su kaɗai. Ya daɗe a tsaye yana kallo, har shayinsa ya huce.

Bayan kwana goma, sai macen ta daina fitowa fili, ɗayan ne kawai yake kiwo. Direba ya san ma'anar wannan, ta kwanta a kan ƙwai. A ina? A kan tudu mana, cikin ciyawa, inda uwayensu da kakanninsu suka yi. Tambayar ma ba ta zo masa a rai ba. Yakan ga namijin yana fitowa daga wajen kwarin da ruwa yake bi a da, ƙafafunsa duk laka, sai ya ce a ransa, bawan Allah, ya samo 'yar ragowar danshi yana jiƙa maƙoshi. Kwarin ba ya ganuwa sosai daga taga, ya yi kwana, ciyawa kuma ta rufe bakinsa.

Abin da ya hana shi sukuni karnuka ne. Karnukan masu bulo, uku, baƙi ɗaya da jajaye biyu, kullum da hantsi sai sun ratsa fadamar suna shinshine-shinshine. Kowace rana suna ƙara matsawa kusa da tudun. A da ruwa ne katangar, yanzu ko ɗan akuya zai taka ya hau.

A gida ya zama ba ya cin abincin kirki. Matarsa tana kan keke tana haɗa kayan makaranta na wasu yara, ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, wai tsuntsayen nan ne har yanzu? Da ni ce na kwanta ciwo ban ga alamar za ka rame haka ba."

"Ke ai kina da baki, kya yi ƙara. Su fa?"

"To ka sauka ka gani da idonka mana. Ka san ma ko suna nan? Sauka ɗaya, ka leƙa, ka dawo."

Ya ajiye cokali. "Shekara talatin da ɗaya ban taka fadamar nan ba suna kan ƙwai, sai yau da suka rage biyu zan je in kore su da kaina? Ki yi ɗinkinki, don Allah."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji ta, ta ci gaba da taka keke. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Washegari ya sa rigarsa mai guga ya tafi ofis wurin Injiniya, wanda shi ne mai ba da izinin buɗe ƙofa. Injiniya sa'an ɗan Direba na fari ne, mutum mai kirki, sai dai aiki ya yi masa yawa, wayoyi biyu ne a gabansa kuma duk suna ruri.

"Baba Direba, yau a gari? Ina motar, a ina ka faka ta?"

"Tana nan inda na bar ta, ranka ya daɗe. Alfarma na zo nema."

Ya zayyana masa komai, tudun, ƙwan, karnukan. Injiniya ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo masa da fuskar kwamfuta ya nuna masa wani jan layi da ya yi ƙasa.

"Baba, ka fi ni sanin inda ruwa yake. Asibiti na kira, makarantu na kira. In aka ji na saki ruwa saboda tsuntsu biyu, me zan ce?"

"Ka ce su ne suka rage, ranka ya daɗe."

Bai samu ba a ranar. Ya koma bayan kwana biyu, ya sake komawa, har masinja ya fara ce masa ko a kawo masa tebur. Mutumin da bai taɓa roƙon ƙarin girma ba, bai taɓa neman a canza masa kujerar nan mai ƙafa uku ba, sai ga shi yana zaman benci da hula a hannu. A zuwa na huɗu aka yi sa'a an kwana ana ruwa a can saman kogi, tafkin ya ɗan taso. Injiniya ya dube shi ya yi ajiyar zuciya.

"Awa biyu, Baba. Ranar Alhamis da safe. Zan rubuta cewa wanke bakin ƙofa za a yi, dama ya cika da yashi. Amma ka duba ƙasa da kyau kafin ka buɗe, kada ruwa ya tafi da wani."

"Zan duba. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a."

Ya dawo gida yana ta fara'a, har ya saya wa matarsa sabon almakashi a hanya, abin da ta yi wata uku tana mita a kai.

Ranar Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba yana kan madatsa. Ya duba ƙasa kamar yadda ya yi alkawari, kuma kamar yadda ya saba: daga sama. Babu mai wanki, babu makiyayi, babu yaran da ke tsallakawa makaranta. Ya busa usur sau uku. Ya yi bismillah, ya kama sitiyarin.

Juyi arba'in da biyu ne ke ɗaga ƙofar gaba ɗaya. Shekara uku ba a buɗe ta ba, amma ko ƙara ba ta yi, giris ɗin nan bai tafi a banza ba. A juyi na goma ruwa ya fara tsartuwa. A na ashirin ya yi ƙugi. A na arba'in da biyu ya fita da ƙarfinsa, ja wur da yashi, ya faɗa tsohon kwarinsa yana tura busassun ganye da robobi a gaba. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso har saman bango. Direba ya jingina da sitiyari yana haki yana dariya shi kaɗai. Ya ce a fili, "Tsoho, ka gani?"

Sai ya ji kukan.

Ya san kukan gauraki kamar yadda ya san tarin matarsa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya waiga wajen tudun, ciyawar ko motsi ba ta yi. Daga cikin kwarin ne suka tashi, daidai kwanar nan da ba ta ganuwa, su biyu, macen da namijin. Suka yi sama kaɗan, suka dawo suna neman sauka a kan ruwan da ke gudu, suka sake tashi, suna ta kuka.

A cikin daƙiƙa ɗaya komai ya haɗu a kansa, lakar da ke ƙafar namijin, da karnukan da suka yi ta zagaya tudu ba su sami komai ba. Gauraka ba ta yin sheƙa a busasshen wuri. Tudun ya bushe shekara uku. Inda ɗan danshi ya rage a duk fadamar nan shi ne ƙasan kwarin, can suka bi shi suka yi gidansu, a tsakiyar hanyar ruwa.

Ya kama sitiyarin ya shiga juyawa hagu kamar mahaukaci. Juyi arba'in da biyu ne a rufewa ma, ba a rage wa kowa. Kafaɗarsa ta yi ƙara, tafin hannunsa ya saluɓe, yana juyawa yana salati. Kafin ƙofar ta zauna, ruwan da ya fita ya riga ya fita.

Ya sauka matakalar bayan madatsa, ya taka fadama a lokacin ƙwai, karo na farko a rayuwarsa. Ya kutsa cikin ruwa har gwiwa, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi. A kwanar ya tarar da abin da ya rage na sheƙar, tarin ciyawa da aka tattake da kyau, ruwa ya ɗaga ta ya juye ya watsa rabi. Ya yi ta lalube da hannu cikin ruwan. Can ƙasa kaɗan, a jikin wani saiwa, ya sami ƙwai ɗaya ya maƙale. Ko nawa ne a sheƙar, Allah kaɗai ya sani.

Ya ɗaga shi. Ya cika masa tafin hannu, da nauyinsa. A gefe ɗaya akwai ɗan rami kamar ƙwayar gero biyu, an fasa shi daga ciki, ɗan bakin tsuntsu yana leƙowa. Ashe a ranar ko washegari zai fito. Ruwa ya riga ya shiga ta ramin. Direba ya kara ƙwan a kunnensa, ya girgiza shi a hankali, ya hura masa iska da bakinsa. Babu motsi.

Gaurakin suna tsaye can nesa suna kallonsa. Yau dai sun ga fuskarsa.

Ya sa ƙwan cikin hularsa ya tafi gida da rana tsaka, ƙafa ɗaya ba takalmi. Matarsa ta ɗago daga keke ta gan shi jiƙe da laka har ƙugu, ta ga hular a hannunsa. Ta tashi ta karɓa ta duba. Ta san abin da ta faɗa masa kwanakin baya, shi ma ya sani, kuma ya tsaya yana jira ta faɗa, don yana ganin ya cancanta. Ba ta faɗa ba. Ta ɗauko ƙyallaye masu laushi daga kwandon ragowar yadi ta naɗe ƙwan, ta ajiye kusa da murhu inda akwai ɗumi, alhali su duka biyun sun san aikin banza ne.

"Zauna in kawo maka ruwa ka wanke ƙafa, Malam."

"A kwari suka yi," ya ce. "Ba a tudu ba. Ni na roƙo ruwan. Sau huɗu na je."

Sai ya fashe da kuka, dattijo mai jikoki biyar, yana zaune a kan buhun yadi. Ta tsaya a kansa da buta a hannu har ya gama.

Da la'asar Injiniya ya kira. "Baba, yaya? Na ga ka rufe da wuri. Ruwan ya isa kuwa?"

"Ya isa, ranka ya daɗe. Na gode."

Ya isa ɗin kuwa. Da ya koma aiki washegari ya tarar ruwa ya zagaye tudun tsaf, yana ƙyalli, kamar shekarun Tsoho. Karnuka suka zo bakin ruwan suka tsaya, suka juya. Babu abin da zai iya hawa tudun, kuma babu komai a kansa. Gaurakin sun yi kwana biyu suna zagaya kwarin, suna sauka suna tashi. A rana ta uku da safe suka yi sama suka miƙe gabas. Cikin mako biyu rana ta shanye ruwan, ƙasa ta koma ta tsage. Ƙwan kuwa ya binne shi a bayan gida, gindin bishiyar lemo.

Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba. Watannin da suka rage ya yi su kamar kullum, yana rubuta tsayin ruwa safe da yamma, yana marin rediyo. Abu ɗaya ne ya canza, ya juya kujerarsa ta koma kallon tagar tafki. Duk da haka matarsa ta ce ko a gida in wani tsuntsu ya yi kuka a sama sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita tsakar gida.

Ranar da zai miƙa makulli aka turo wanda zai gaje shi, wani magidanci da aka ɗauko daga ɗakin injinan famfo, mai natsuwa, har da ɗan littafi da biro. Direba ya zagaya da shi. Ya nuna masa ma'aunin ruwa, da usur, da bulon da ke riƙe da kujera. Ya ce juyi arba'in da biyu ne, dama buɗewa, hagu rufewa. Ya ɗora masa gwangwanin giris a hannu.

"Wanda ya koya mini aikin nan ya ce dokoki biyu ne. Ta farko, giris kowane mako, ko ana ruwa ko ana rana."

Mutumin ya rubuta. Ya ɗago yana jira. "Ta biyun fa, Baba?"

Direba ya dubi tagar fadama. Masu bulo sun riga sun kai gindin tudun, wata tifa tana tsaye ana loda mata ƙasarsa.

"Bar ta," ya ce. "Giris ɗin kawai za ka riƙe."